Goɗiyar da Soja Suka Zaɓa

Insfekta Garrod bai ko zauna ba aka kawo rahoton. An sace goɗiyar Uwargida Pettit, ja mai farin goshi, wadda soja suka zaɓa za a tafi da ita yaƙin da aka fara da Jamus. Jirgin ƙasan dawakai da yamma zai tashi.

Ya tarar da matar a bakin barga tana murza gefen rigarta. A ciki ɗan goɗiyar sai haniniya yake, yana dukan ƙofa.

"Wa ya shigo gonar nan jiya?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

Ya duba sakata, ba a ɓalle ta ba. Ya tsuguna. Ɗigon wani abu ja ne a kan ciyawa, ya shafa ya sansana.

"Jini ne?" in ji Kofur Kerridge, ɗan sandan da ya rako shi.

"Jinin da ke warin fenti? Kai dai ba ka rabo da shirme."

Mutum ɗaya ke yawo da fenti a ƙauyen: Ambrose Thurlow, tsohon da ya ƙarar da rayuwarsa yana zana dawakan yankinsu na Suffolk. Suka same shi a makiyayarsa, buroshi a hannu, dawakansa na kiwo. Allon zanen da ke gabansa fari fat.

"Yaushe rabonka da gonar Pettit?"

"Tun bara."

"Waccan jar goɗiyar fa?"

"Tawa ce. Ka ga fari a goshinta?"

Babu. Garrod ya kai ya kawo, ya duba agogo, ya sake dubawa. Can ya juya.

"Kerridge, je ka janyo min ɗan goɗiyar nan daga barga."

Ana sakinsa ya sheƙa a guje, ya wuce sauran, ya cusa kai ƙarƙashin jar yana tsotso. Garrod ya jiƙa hankici da kananzir ya goga goshinta. Fari ya bayyana.

Thurlow ya ajiye buroshin.

"Ni na yi. Uwargida Pettit dai ta buɗe min ƙofa ta kau da kai, kada ka taɓa ta."

"Me ya kai ka, Mista Thurlow?"

"Na zana waɗanda aka kwasa a yaƙin da ya wuce. Hotunansu suna nan rataye a gidajen mutane. Je ka tambaya ko akwai ɗaya da ta dawo." Ya dubi goɗiyar. "Na gaji da zanen da ke zama abin tunawa da matattu."

Garrod ya daɗe yana kallon hankicin. Shi ma ɗansa ya sa kakin soja makon jiya.

"Mu je," ya ce.

Bai sa masa ankwa ba. A mararraba Kerridge ya ja goɗiyar ya yi hanyar tasha, su kuma suka yi ta ofis. Tsohon yana tafe yana waiwaye, Garrod ya rage sauri.