Ƙofar da Bamanga Ya Buɗe wa Ruwa

Tsofaffin Gombe ba su manta da Bamanga ba, sai dai ba sa son ambatonsa idan hadari ya haɗu. Birkila ne mai hannu, gidansa na unguwar Bagadaza, bakin kwarin da ke cin gidaje duk damina. Da arzikin fetur ya zo, gwamnati ta ware kuɗi don gina magudana da katangar da za ta tsare unguwar daga ambaliya. Manyan 'yan kwangila suka yi ca. Bamanga ya dubi tafin hannunsa da siminti ya cinye, zuciya ta ce masa har yaushe.

Da rana tsaka ya nufi wurin wani boka, Hudu, a cikin wani kwazazzabo bayan gari. Babu bukka, sai tsamiya mai kogo ɗaure da jan ƙyalle, da baƙar tukunya binne iya wuya. Bazara ce, ƙasa duk ta tsage, amma tukunyar cike take fal, ruwan yana juyawa shi kaɗai. A gindinta an jera takalman yara da ambaliya ta kwaso.

Hudu ya ce, "Kwangila taka ce. Amma ba a hana ruwa hanya. In ka toshe masa ta unguwa, sai ka ba shi wata ƙofa."

"Wace ƙofa, Baba?"

"Taka."

Bamanga ya tuna gidansa na laka wanda dama zai bari, ya ce ya bayar. Boka ya sake tambayarsa ko ya auna maganar, ya ce ya auna. Aka sa shi ya tofa yawu a tukunyar, ya kamfata ya sha.

Kwangila ta faɗo masa. Ya rage siminti, ya ƙara yashi, babu wanda ya tanka. Ya gina bene a kan tudu, ya sayi Marsandi. Daminar farko Bagadaza ta tsira, mata suna sa masa albarka a hanya.

Sai aka tarar da ɗan farinsa Bobbo a kan gado, a saman bene, ba rai. Tufafinsa a bushe, amma jan ruwa mai yashi yana zuba ta hancinsa. Ba a yi sadakar arba'in ba ƙanwar Bobbo ta bi shi, ita ma haka. Matarsa Saudatu ta fara jin ƙugin ruwa a cikin bango. Takan tattare zani iya gwiwa tana lallaɓawa a busasshen daɓe, tana kiran 'ya'yanta su hau sama.

Dokas, tsohuwar maƙwabciyarsu ta Bagadaza, ita ke zuwa ta yi mata wanka ta ba ta abinci a baki. Ran nan ta tsaya a gabansa ta ce, "Baban Bobbo, ban san abin da ka ɗauko ba. Ka mayar da shi."

Ya koma kwazazzabon yana kuka. Hudu bai ko ɗaga kai ba, ya ce abin da ruwa ya haɗiye ba ya amayar da shi.

Cikin watan Agusta, da la'asar, katangar ta tsage kamar tsohuwar ƙwarya. Ruwa ya shiga unguwa ya sami mutanen da suka amince da katangar har suka daina gudu. An tsinci Dokas a can ƙasan kwari, da kwanon abincin Saudatu ɗaure a ɗankwalinta.

Hukuma ta ƙwace bene da mota. Bamanga ya shiga gari ba hula, in ya ga randa sai ya zabura da gudu. Masu tausayi suka yi ta miƙa masa moɗa yana turewa. Ƙishirwa ce ta kashe shi, ana tsaka da damina.

Wanda aka ba amanar rayukan jama'a ya haɗa ta da tsafi da kwaɗayi, ya sani fa gidansa za a fara ci, kuma ba a nan za a tsaya ba.