Gawar da Ke Kallon Alƙibla

Kafin Sufeto Su'ad Marwa ta isa sansanin 'yan sikawut, an riga an yanke wa mutum hukunci ba tare da alƙali ba.

Sansanin yana cikin wani daji tsakanin Manchester da Birmingham. Rukuni biyu ne suka haɗu don yin mako guda: yaran masallacin Rusholme a Manchester da yaran wani coci na Edgbaston a Birmingham. Sun yi hawan igiya da harbin baka da tuƙin kwalekwale lafiya lau. Ranar Alhamis da la'asar aka tsinci shugaban sansanin, Malam Safwan, a mace ƙarƙashin hasumiyar katakon da yara ke hawa.

Kusa da gawar akwai gudumar kafa tanti ta 'yan Birmingham. Wannan kaɗai ya ishi wasu samari uku da suka taso daga Rusholme da jin labari. Suka rutsa Manasseh, jagoran yaran coci, a bayan kicin, suka yi masa dukan kawo wuƙa da sandunan tanti, a gaban 'yarsa Zoe.

Su'ad ta tsani irin wannan jarumtar ta taron dangi. Ta sa aka kulle samarin a mota, sannan ta nufi gawar.

Ƙeyar Safwan ta fashe, jini ya jiƙe ganyayen wurin. Saje Ethan, mataimakinta, ya nuna yadda mamacin yake kwance a kan gefen dama.

"Wani ya yi ƙoƙarin ceton sa, ma'am. Recovery position ne, kwanciyar da ake yi wa wanda ya suma, duk ɗan sikawut ya iya."

Su'ad ta tsuguna. An rufe masa idanu, an miƙe ƙafafunsa, an ɗaure masa haɓa da ƙyallen wuyansa na sikawut. Haka ta ga an yi wa mahaifinta a Salford.

"Ba ceto ba ne, Ethan. Wanda ya yi wannan ya san ya mutu. Fuskarsa aka juya alƙibla."

Ta sami Manasseh a bayan motar asibiti, hannu ɗaya da ankwa. Hancinsa ya karye, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf.

"Ina kake lokacin da aka kashe shi?"

"Ina tafki da yara, ranki ya daɗe. Ban motsa ba."

"Yaranka sun ce ka bar su. Malam Manasseh, iyayen yaran masallaci sun taru a waje suna zage-zage, suna jiran ka da sanduna, ni kuma da kotu. Ka zaɓi wanda za ka yi wa ƙarya."

Sai ya fashe da kuka, jini na bin haɓarsa.

"Na dawo ɗaukar igiya, na gan shi a kife. Ga gudumarmu a gefe. Jiya mun yi cacar baki da shi a kan abinci, kowa ya ji. I panicked, na ruɗe. Na gudu kan tudu neman network."

"A kife ka ce?"

"Rub da ciki, fuskarsa cikin laka."

"Ka taɓa shi?"

"Ko da yatsa. Da na dawo na tarar da mutane, shi kuma an juya shi."

Su'ad ta yarda da shi, amma yardarta ba za ta cire ankwa ba. Duk Musulmin da ya ga gawar ɗan'uwansa zai iya gyara ta. Abin da ya tsaya mata a rai, wanda ya gyara wannan bai yi ihu ba, bai kira kowa ba, ya sulale.

Ta koma wurin gawar, ta karɓi kamfas daga hannun masu ɗaukar hoto. Bishiyoyi sun rufe sama, ga gajimare tun safe, waya kuma ba ta aiki. Duk da haka fuskar Safwan na kallon gabas maso kudu daidai, babu karkata.

A tantin magani ta tarar da Hajiya Zainabu, mai kula da lafiyar yara, tana ninke bargon da ta riga ta ninke.

"Hajiya, wa ke nuna muku alƙibla a nan?"

"Malam Imran, mataimakin marigayi. Shi ke koya wa yara kamfas. Na yara suna kulle a akwati, nasa ne kawai a wuyansa."

"Akwai wata matsala tsakaninsu?"

"Haba! Tare suka taso a Zariya. Uwa ɗaya ce kawai ba su haɗa ba."

"To wa kika yi wa magani yau?"

"Babu kowa."

Su'ad ta ɗaga murfin kwandon shara da ƙafa. Auduga ce cike, duk jini.

Hajiya Zainabu ta zauna daɓas. "Rufin asiri na so, 'yata. Zayd ne, ɗan Imran. Jiya ya hau hasumiya ya ji tsoro, ya yi ta kuka a gaban yaran Birmingham. Uban ya ja shi cikin daji ya zane shi da igiya. Yau da za a sa masa rigar shiga ruwa, Safwan ya ga bayan yaron, duk ya farfashe."

"Me Safwan ya ce?"

"Ya ce dole ya yi report, doka ce. Na roƙe shi, na ce council, hukumar gari, za su karɓe wa Imran yaron. Ya ce amana ce aka ba shi."

Imran yana wurin faskare, shi kaɗai, yana sara itace kamar da gayya. Dogo ne mai faɗin ƙirji, idanunsa sun yi ja.

"Malam Imran, Allah ya jiƙan abokinka."

"Amin. Ai kun kama wanda ya yi."

"Ina kake da la'asar?"

"Ina cikin daji, ina shirya wa yara hanyar gobe."

"Ka ga gawar kafin mutane su taru?"

"A'a."

"Ara mini kamfas ɗinka."

Hannunsa ya kai wuya, ya tsaya. Igiyar kamfas ɗin sabuwa ce fil, amma a lungun murfin akwai wani abu baƙi da ya bushe.

"Ka sauya igiya, ka manta da murfi," in ji Su'ad. "Na kuma ga audugar Zayd."

Gatarin ya taso kafin ta rufe baki. Ta kauce, kaifin ya yage mata riga ya tsaga damtse. Ethan ya yi tsalle ya rungumo shi ta baya, Imran ya kai masa karo da ƙeya ya fasa masa leɓe. Su'ad ta zabga masa sanda a gwiwa, ta ƙara a wuyan hannu, gatarin ya faɗi. Sai da suka danne shi su biyu a cikin laka kafin ankwa ta shiga.

A nan ƙarfinsa ya ƙare, ya yi ta sheshsheka.

"Na durƙusa masa, wallahi. Na ce Safwan, tare aka zane mu a gida, me ya same mu? Ya ce nan ba gida ba ne. Ya juya zai tafi ya kira council. Gudumar na gani a ƙasa."

"Sau nawa?"

"Ban sani ba. Har ya daina motsi."

"Me ya dawo da kai?"

"Na yi nisa, sai na tuna a kife na bar shi, kamar mushe. Ɗan'uwana ne. Ba zan iya ba."

"Amma ka iya tsayawa kana kallo ana dukan Manasseh."

Su'ad ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan, haushi ne ya cika ta.

Aka ratsa da shi ta tsakiyar sansani. Iyayen da ke ta zage-zage ɗazu duk suka dare suka ba da hanya. A bakin ƙofa wata mata daga council tana riƙe da hannun Zayd, tana buɗe masa mota. Imran ya kira sunan ɗansa, yaron bai waiwayo ba.

Motar asibiti ta riga ta wuce da Manasseh Birmingham. Ana ɗinke wa Su'ad damtse ta sa Ethan ya hau tudu ya kira ɗan sandan da ke gadinsa, a cire masa ankwa yanzu-yanzu, a gaya masa ba shi da laifi.

Ethan ya dawo yana tafe a hankali.

"Sun cire, ma'am. Ya ce a gode miki."

"Idon fa?"

"Likita ta ce ba zai sake gani da shi ba."

Zoe tana tsaye a gefe da jakar babanta a ƙirji, tana jiran a gaya mata labari mai daɗi. Su'ad ta ce wa mai ɗinkin ya dakata, ta miƙe ta nufi yarinyar.