Mai Hargitsa Gilasan Ido

Kullum da safe sai Sista ta tarar an hargitsa mata sito. Ƙananan gilasan da ake dasa wa masu yanar ido, waɗanda ta jera bisa lamba, duk an cakuɗa su. Ranar da likita ya wanke ta tas a gaban majinyata, ta rantse ba za ta tafi gida ba sai ta kama ɗan banzan.

Da dare ya yi, ta ji ana ɓare kwali a siton. Ta banka ƙofar. Ba fitila a ciki, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wata tsohuwa tsugune tana lalube.

"Iya, ashe ke kike jawo min zagi? Kwalin da aka ɓare ai ya tashi aiki."

"Ba nawa kuka sa min ba, 'yata. Inda aka kwantar da ni ba na ganin komai."

"To ki dawo da safe ki bi layi, kamar kowa."

Tsohuwar ta juyo. Har yanzu da auduga manne a idonta na hagu. Sista ta gane ɗaurin, na hannunta ne. Ita ce kuma bara ta ja mayafi ta rufe wannan fuskar, da rai ya yi halinsa.