Tsohuwa da 'Yan Noman Lahira

A zamanin da, mutanen Masar sukan binne mamaci da 'yan gumakan yumɓu, wai su yi masa noma a lahira, shi ya huta.

Wata tsohuwa, irinmu da aikin kowa ba ya yi mana, ta je wurin maginin tukwane zaɓen nata.

Ya miƙo na fari. Ta ce, "Malalaci ne, dubi tumbi."

Ya miƙo na biyu. Ta ce, "Malalaci ne, dubi hannu."

Ya yi ta miƙowa har kwandon gumakan ya ƙare. Ya ce, "Iya, to wa zai nome miki gonar?"

Ta ƙare wa gumakan kallo. Can ta ce, "Ɗan nan, ku sa mini fartanya a kabarin. In na gama na huta."