Ranar da Wayata Ta Sandare a Gindin Tsamiya

Ku matso kusa. Ke Balaraba, kife wayar nan, haskenta na shigar mini ido. Shekara biyu ana yi da ni a dangi, wai girman kai ya hana ni zuwa sunan ɗan Mamuda ƙanena. Ni, Yaya Ɗanjuma! Ba wanda ya tambaye ni abin da ya faru. To yau za ku ji.

Ranar tun hantsi na hau babur. Shadda ce a jikina, ruwan toka, sabon ɗinki, ta sha bugu har tana ƙara. Hula kuwa kada ma a yi magana. Duk wadda na wuce sai ta waiwayo. Ke Larai, mene ne abin dariya? Ba ki gan ni ba ne.

Rana ta take tsaka na iso tsamiyar nan ta mararrabar Kanya. Mutanen wurin ba sa zama a gindinta da tsakar rana. Ko akuya za su koro, sai sun yi sallama kafin su shiga inuwar. Ni ban yi ba. Na ce bari in ɗauki hoto ɗaya kafin zufa ta ɓata kwalliyar nan. Na kafe babur, na shiga inuwa, na gyara hula, na ɗaga waya. Ƙyas.

Sai wayar ta sandare.

Fuskata ce a kai, baki a ɗan buɗe. Na shafa, shiru. Na danna, shiru. Da irin ta da ce, sai in ɓalle murfi in zare batir. Wannan kuwa a liƙe take ruf.

Sannan na lura babu iska. Ganye ba ya motsi. Wata akuya a bakin hanya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ba ta sauke ba. Ga kurciya a sama, fiffike a buɗe, kamar an kafe ta da ƙusa. Na nufi babur. Ina kaiwa bakin inuwa na ji kamar na bugi katanga. Na gwada gabas, haka. Yamma, haka. Ga babur ɗina taku uku, ba hanyar isa.

Na sake duba hoton. Can bayan kafaɗata akwai wani tsoho zaune a kan saiwa. Na waiwaya. Yana nan.

Ya ce, “Sannu da zuwa, ɗan samari.”

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin “ɗan samarin” nan. Amma muryar ce ta fara iso ni, daga baya leɓensa ya motsa. Na sunkuyar da kai, idona ya faɗa kan ƙafafunsa. Duka biyun na hagu ne.

Na ɗaga kai don kada ya ga na gani. Da ma ban ɗaga ba. A cikin ’ya’yan tsamiyar akwai wayoyi a rataye, sun fi ashirin. Kowace tana haske. Kowace da fuskar mutum. Wata mata tana tsakiyar dariya. Wani ya kai hannu zai gyara tabarau.

“Baƙina ne,” in ji tsohon. “Ba su da fitina.”

Nan na tuna maganar Isiyaku mai gyaran waya a bakin tasha. Na fi shi sanin waya, tuni kawai ya taɓa yi mini. Ya ce in ta ƙi komai, ka haɗa madannin kunnawa da na rage murya, ka danne su tare, ka ƙirga goma sha biyar. In ka ɗaga yatsa ko sau ɗaya, aikin ya koma farko.

Na danne. Ɗaya. Biyu. Ina kaiwa takwas tsohon ya miƙe. Ban ji takunsa ba. Sai ga shi a gabana, ya miƙo hannu.

“A garinku ba a gaisawa?”

Kun san yadda aka rene mu. Dattijo ya miƙo hannu, ka bar shi a iska? Kafin in yi tunani na saki madanni, na rusuna, na ba shi hannun dama. Sanyi kamar gindin randa. Ya riƙe, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ni kuma ina ta “lafiya lau”, kamar wawa.

Da ya sake ni, hannun ya mutu har gwiwa. Na duba hoton. Yanzu haɓarsa na bisa kafaɗata. Kuma wani siririn zare kore ya tsiro daga kan wayar, yana miƙewa sama, yana neman reshe.

Na ce a’uzubillahi. Na damƙe wayar da hagu, babban yatsa can, manuni nan. Na danne.

“Ɗan wa kake?”

Uku. Huɗu.

“Na san kakanka Barau. Bai taɓa barin hannuna haka ba.”

Bakwai. Zaren ya taɓo ganye.

“Ashe ba ka da tarbiyya.”

Goma. Hawaye na zuba a kan shaddata, ban share ba. Sai ya sassauta murya, ya matso daidai kunnena.

“Ɗan samari, hularka ta karkace.”

Wallahi wannan ta fi duka zafi. Yatsana har ya fara ɗagowa. Na rintse ido na ce ta karkace ɗin. Sha uku. Sha huɗu.

Wayar ta yi zirr a tafina, ta mutu. Komai ya yi baƙi ƙirin, har rana. Ban san ko ina numfashi ba. Can sai ɗan haske ya bayyana a fuskar wayar. Na ji iska a wuyana. Akuyar ta sauke ƙafa, kurciyar ta wuce. Ba tsoho, ba zare, ba hoto. Yadda na hau babur, ban sani ba.

Na isa gidan Mamuda ina haki, na tarar ba rumfa, ba baƙi. Matarsa ta ce, “Yaya, ai yau kwana tara da suna.” Ko ƙashin ragon ba a ajiye mini ba. Ni da na sha wuya, ni aka yi fushi da ni.

Kun ce ƙarya ce? Balaraba, miƙo wayarki. Ga yatsan dama, duba. Shafa ɗaya, shafa biyu. Ta motsa? Tun ranar babu wayar da ta san hannun nan. Taɓa ki ji. To, me ya sa kika janye?

Kada ɗayanku ya bi ta mararrabar Kanya shi kaɗai da tsakar rana. In dole ta sa, ku yi sallama, waya ta zauna a aljihu. In kuwa ta sandare muku a wurin, ku danne biyun nan ku yi ta ƙirga. Duk wanda ya miƙo hannu, ku bar shi ya zage ku.