Baƙin Ruwan Dada

Ranar kasuwar Ƙanƙara Yahuza ya fara ganin ta. Babur ɗinsa ya ɗauki zafi a hanyar Ketare, sai ya gangara bakin wani tafki da itatuwan marke da kanya suka yi wa rumfa. Ruwan ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ya tsaya da galan a hannu yana shakkar ɗiba.

"Ɗebi mana, ba ya cizo."

Wata budurwa ce zaune a kan saiwar kanya, da kwandon tarwaɗa a gabanta.

"Wanga ai shayi ne," in ji shi. "Sukari kawai ya rage."

"To gobe ka zo da burodinka."

Ya kuwa zo, kuma bai tsaya a goben ba.

Sunanta Barakatu, ɗiyar Malam Ubale mai tafkin. Ta gama kwalejin kimiyya tana zaman jiran aiki. Shi kuwa mutumin Faskari ne, yana bin ƙauyuka yana sayen masara. Kafin a girbe dawa har an san shi a zauren gidan.

"'Yar tafki," ya rubuto mata wata rana, "yau na auna buhu arba'in, kowane mudu sai in ga fuskarki a ciki."

"Allah ya ji ƙan masu masara," ta mayar masa, "yau an cuce su."

Akwai abu ɗaya da ba ta taɓa gaya masa ba, don a gidansu ma ba a zancensa. Kakarta Dada, mahaifiyar Malam, a kan addinin kakanni ta rasu. Duk kaka takan ɗaure damman ganye da ciyawa ta zuba a tafkin, ta ce masu ruwa take ciyarwa. Da za ta cika, maganarta ta ƙarshe ita ce, "Kada a wanke mani ruwa." Malam bai taɓa zuba ko ganye ɗaya ba bayanta, bai kuma taɓa cire ko ɗaya ba.

Da wata rasuwa ta kai Malam da iyalinsa Sabuwa na kwana bakwai, Yahuza ya ga dama ta samu. Wasu samarin gayyar noma suke kai wa surukai, shi sai ya kai gayyar tafki. Mutum ashirin suka kwashe ruɓaɓɓen ganyen da ya shekara da shekaru a ƙasa, suka fasa bakin tafkin baƙin ruwan ya fice, na rafi ya shigo fari tas.

Ranar da suka dawo, Barakatu ta bi mahaifinta zuwa bakin ruwa. Karon farko a rayuwarta ta ga ƙasan tafkin. Tukwanen da Dada ta nutsar tun tana raye na jere a ciki, bakunansu a buɗe suna kallon sama. A kansu kuma matattun kifaye ne birjik, cikinsu a sama, iska na kaɗa su a hankali.

Yahuza ya durƙusa. Malam bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ka tone mani uwa."

Washegari aka mayar masa da kayan na-gani-ina-so.

Gide, mai wurin wankin duwatsun zinariya a saman rafin, ya daɗe yana son Barakatu. Ya zo jaje da buhun shinkafa, yana cewa ai wata ƙafar in ta shigo gida sai addu'a. Malam ya daina bin hanyar tafki. Ya gaya wa ɗiyarsa cewa da tsakar rana yakan ji kamar ana jan damin ganye a bayan danga, in ya leƙa ba kowa.

Ita ta ci gaba da zuwa. Ba kukan kwaɗo, ba tsuntsu, sai ruwa mai haske da inuwarta a ciki.

"Na so in faranta, sai na kashe," Yahuza ya rubuto. "In Baba ya ce a'a ba zan ja da shi ba. Amma ki faɗa mani gaskiya, na taɓa abin da ba a taɓawa ne?"

Ta daɗe da wayar a hannu. Wani darasi da ta yi a aji biyu yana ta dawo mata.

"Ka taɓa, masoyina," ta rubuta. "Amma ina jin ba abin da suke zato ba ne. Samo mani 'yan kifi goma masu rai."

Ta jera randa biyu a zaure, ta cika su da ruwan rafin. A ɗaya ta tace ruwan ruɓaɓɓen ganyen da gayya ta jibge a gefe, har ya yi duhu. Kowace ta saka mata kifi biyar.

"Mi kike yi haka?" Malam ya tambaya.

"Kwana biyu kawai nake roƙo, Baba."

Rana ta uku da hantsi ta ɗaga faifan da ke bakin kowace randa. A farin ruwa duk biyar ɗin sun taso. A baƙin kuwa suna ta wutsil-wutsil.

"Ƙarfe ne, Baba. Daga wankin duwatsu yake gangarowa, ido ba ya ganin sa. In ruwa fari ne, sai ya manne wa kifi inda yake numfashi. Ruwan ganye kuwa riƙe shi yake yi, kamar yadda kuka ke kama miya. Ba ya kawar da shi, amma yana hana shi isa jikinsu da ƙarfi."

"Wankin nan bai fi shekara biyar ba. Dada kuwa ta shekara goma sha biyu a ƙasa."

"Ta riga ta yi mana tanadi."

Malam ya zura wa randar ido har rana ta shigo zauren.

"Tun ina saurayi nake jin kunyar damman nan," ya ce a hankali. "Ko ta sani, ko ba ta sani ba..." Ya share ido da bakin rawani.

Da la'asar ya kwashi dattawa suka je wurin mai gari, aka sa Gide ya janye wankinsa nesa da rafi. Sannan ya aika aka kira Yahuza.

"Ba masu ruwa ka ɓata wa rai ba, amma dai kai ka kashe mani kifi. Abin da ka kwashe, ka mayar. Da kanka, ban ce gayya ba. Ranar da na ji kwaɗo ya yi kuka a tafkin nan, ka turo magabatanka."

Rani guda Yahuza ya yi yana ɗaukar dami a ka. Yara suka raɗa masa suna Jikan Dada, ya amsa.

"Wuyana ya nutse cikin kafaɗa," ya rubuto. "Za ki auri gajere?"

"Ko ka koma tsawon turmi, nawa ne."

Ruwan ya soma rinewa sannu-sannu, tukwanen suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Bayan ruwan sama na uku, Barakatu na tankaɗe a tsakar gida sai ga mahaifinta ya shigo, takalminsa duk laka. Ashe tafki ya je.

"Kwaɗo guda ɗaya ne," ya ce, "muryarsa ma a dishe. Amma na ji shi."

An ɗaura aure ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci. Motoci biyu suka zo daga Faskari, aka yi ta guɗa har Pauwa ana jin labari. Da za a fita da amarya, tsofaffi suka yi ta addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki.

"In ta zo kuma," Malam ya ce wa angon, "kada ka tara mata gayya."

Zaure ya ɗauki dariya. Sannan Malam ya dafa kan ɗiyarsa.

"Je ki, Barakatu. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga jikokin jikokinku."