Layar Zana a Woodbridge

"Kowa ya kwanta! Ƙasa, ƙasa!"

Muntaka na zaune a mota, inji na kunne, yana hango su ta ƙofar siton. Haidar ya rufe fuska kamar mai hankali. Shi kuwa oga Zulkifilu, shugaban tafiyar, fuska a buɗe ya shiga, yana taku kamar ango. Wai wani malami ya aiko masa da layar zana daga gida, ko kyamarar Amurka ba ta ganinsa. Muntaka ya yi tsaki. Wannan sakaran ya biyo, shi da saura mako guda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ya zauna da 'yarsa Afnan ba fargabar kora.

Siton a garin Woodbridge yake, na Alhaji Sirajo ne, mai fasa-ƙwaurin sigari daga Virginia zuwa New York, mai sahun gaba a masallaci. Alhaji yana ciyar da wani ɗan sanda, Matthew, don ya kau da kai. Matthew ɗin ne kuma ya sayar wa Zulkifilu da sirrin siton, ya ce a zo ranar Juma'a da azahar, kowa ya tafi salla sai mai gadi.

Mai gadin, Almu, dattijo ne mutumin Maraɗi. Ya ɗago kai daga ƙasa.

"Zulki? Kai ne, ɗana? Wane abu ne wanga?"

Zulkifilu ya daskare. "Haidar, wai ganina yake?"

"Oga, har sunanka ya kira!"

Tau! Haidar ya saki harsashi. Tsoho ya kife a kan kwalaye.

"Ku kwashi kaya! Mu fece!"

Suka cika bayan motar, suka faɗo ciki. Muntaka ya taka mai.

"Kun kashe Baba Almu! Shi ya yi wa 'yata huɗuba!"

"Dalla ja mota, malam," in ji Zulkifilu. "Ai ba laifin layata ba ne. Tsohon yana da nasa asirin ne, shi ya sa."

A ƙarshen layin, cikin wata baƙar mota, jami'ar tarayya Constance ta ajiye kofin shayinta. Ba ta zaci za a yi harbi ba. A kujerar baya Matthew ne zaune da ankwa, tun safe yake zuba kamar famfo. Ya ba da Alhaji, ya ba da Zulkifilu, da an tambaye shi uwarsa ma da ya bayar.

"A kira motar asibiti," in ji ta. "Sauran ku bar su su hau babbar hanya. Yau Juma'a ce."

Ta san garinta. Su Muntaka na hawa babbar hanyar I-95 suka tarar da motoci cunkus, ba gaba ba baya. Manyan 'yan fashi, ga su suna rarrafe a bayan motar kwasar shara. Jiniya ta taso ta gefen hanya — wiii! wiii!

"Oga, yaya za mu yi?" Haidar ya fara kuka.

"Ku kuka sani. Ni dai na ɓace."

Zulkifilu ya suri jakarsa, ya cusa laya a baki, ya fita. Ya runtse ido yana sanɗa tsakanin motoci, rana tsaka, ƙato guda. Yara a wata mota suna ɗaukarsa a waya suna dariya. Bai buɗe ido ba sai da ya yi karo da ƙirjin ɗan sanda.

"Ba ni ba ne!" Ya tofar da layar. "Direban can ne ya shirya komai! Muntaka sunansa, Silver Spring yake zaune!"

Muntaka ya kashe mota, ya ɗora hannu a sitiyari.

An binne Almu a Maryland, nesa da 'ya'yansa. Haidar ya samu ɗaurin rai da rai. Zulkifilu na can yana gaya wa fursunoni wai maƙiya ne suka karya masa laya. Alhaji Sirajo ya tsallake ya bar ƙasar kafin a zo kansa, har hoton Umara ya turo wa jama'a. Matthew, da yake ya ba da haɗin kai, shi ya fi kowa samun sauƙi. Muntaka, da bai taɓa bindiga ba, zai yi shekarunsa, ranar da ya fito a sa shi a jirgi a kore shi gida.

Sau ɗaya matarsa Kaltum ta kawo Afnan ziyara. Ta ɗaga ta saitin gilashi, ta kara mata wayar a kunne.

"Gai da Baba mana."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi rigar da ke jikinsa. Ta juya ta tambayi uwarta da Turanci yaushe za su tafi gida.